Allurar Moton Malam

Ku matso nan kusa, ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da ni aka yi shi.

Muna zaune a ƙauyenmu na gefen Gaffati, ni da Malam, wato maigidana. Shekarar da gyaɗa ta yi albarka ya je Damagaram ya sayo moto, wato babur, baƙi wuluk, da agogo a gaban matuƙi, cikin agogon da wata jar allura mai tashi in an yi gudu. A lokacin mahaifiyata tana da rai a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ta tsufa, ido ya tafi. Kowace Juma'a nakan kai mata fura da man gyaɗa, in wanke mata kaya, in yi mata kitso. Malam ya ce daga yau shi zai riƙa kai ni.

Na ce ni ba na hawa abin da ba shi da linzami.

Ya yi ta lallashi har na yarda, amma da sharaɗi. Muka hau, ya riƙa ƙara tafiya kaɗan-kaɗan, da na ji ta kai inda zuciyata ta iya ɗauka sai na dafa kafaɗarsa. Ya tsaya ya nuna mini inda allurar ta kai. Ni ban san lamba ba, don haka na ari jan farcen 'yata na ɗiga a kan gilashin, daidai wurin. Malam ya ɗora hannu a kan agogon ya ce, "Wallahi, muddin kina bayana, allurar nan ba za ta wuce ɗigon nan ba." Mutum ne da ba ya rantsuwa a kan wasa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Kai, tafiyar nan ta yi daɗi. Mu ratsa gonakin gero, mu wuce rijiyar bakin hanya, in ce wa mata sannunku da aiki, su amsa, in ji amsarsu sarai har da tambayar mutanen gida. Mu hau gudron, wato kwalta, duwatsun Damagaram su bayyana. A lungunan Birni yakan sauka ya tura moton cikin yashi, ni ina biye da ƙwarya a ka.

Da tayoyin suka cinye, sai ya sayo wasu a kasuwa, manya, masu ƙuraje, aka ce su ne maganin yashi. Mai faci na ƙauye ya sa masa. Gaskiya sun daina nutsewa. Amma tun Juma'ar farko na ji abu ya canza. Iska ta riƙa fizgar mayafina, ido yana hawaye. Muka zo rijiya na yi gaisuwa, kafin su buɗe baki mun yi nisa. Ranar kasuwa wata daga cikin matan rijiyar ta tare ni ta ce, "Yaya, ashe tun da aka sayi moto an daina jiran amsar talakawa?"

Na ce wa Malam yana gudu. Ya ce allura ba ta taɓa ɗigo ba. Na leƙa ta kafaɗarsa, na ga haka ne, amma na ce to in ina kallo ne yake sassautawa. Wata Juma'a da muka dawo na sauka na ce, "Malam, ka rantse mini, kuma ka saɓa."

Ya jingina moton, ya ɗauki buta.

Daga ranar na koma shiga motar kasuwa, in ta samu. In ba ta samu ba, tsohuwa ta wuni tana sauraren sallamar da ba ta zo ba. A gida kuwa sai gaisuwar safe da ta dare. Yana cin tuwo, ba ya cewa ya yi daɗi, ba ya cewa bai yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai ba gudun ba ne. In Malam zai iya rantsuwa ya saɓa, to ni da wa nake zaune?

Akwai taubashinsa a Damagaram, ɗan kawunsa, makaniki ne tun yana saurayi har furfura ta cika masa gemu. Malam ya kai masa moton juyen mai, ya ba shi labari. Taubashin ya dubi tayoyin ya fashe da dariya, ya ce ya san ciwon, yana da maganinsa. Malam ya ce kada ya taɓa komai sai na zo na gani da idona.

Na je. Rumfa ce ta kwano, ƙasa duk baƙin mai. Yana hango ni ya ce, "Ga jandarma ta iso! Bawana, tashi ka ba ta kujera."

Malam ya ce, "Wane ne bawanka? Yi aikinka, mai gemun bunsuru."

Taubashin ya kawo tsohuwar taya irin ta da, ya jingina da sabuwar. Ya ce, "Uwargida, allurar nan juyin taya take lissafawa, ba ta ganin hanya. Ita har yanzu ƙaramar taya ta sani. Babbar kuwa in ta juya sau ɗaya ta ci ƙasa fiye da ƙaramar. Kamar doguwar mace da gajera ne, taku ɗaya amma ba nisa ɗaya ba. Wannan baƙauyen ya sa wa jaki ƙafar raƙumi, yana mamakin ya riga kowa isa."

Sai ya ciro wani ɗan abu baƙi, bai fi akwatin ashana ba, da wayoyi da maɓallai ƙanana. Ya ce an yi sa'a moton na zamani ne, da wayar lantarki yake kai wa agogo labari, da tsohon yayi ne sai an sauya tayoyin. Ya cire wayar da ta taso daga taya, ya sa ɗan akwatin a tsakani. Ya hau bayan Malam da tarho a hannu, wai tarhon yana faɗin ainihin gudu. Suka tafi kan gudron, ina jin muryarsa yana ihu, "Riƙe a kan ɗigo! Riƙe, na ce!" Suka dawo, ya danna maɓallai, suka sake tafiya. Haka suka yi ta yi har bakin allura da na tarho ya zo ɗaya.

Malam ya sauko. Ya ce, "Yanzu da na riƙe a kan ɗigon, sai na ji kamar ba tafiya nake ba. Ashe da gaske gudu nake yi da ke."

Na ce, "Ashe kai ma da gaske allurar ba ta wuce ba."

Taubashin ya ce, "To ku kai allurar gaban alƙali, ni ku ba ni goro."

Ranar a bayan Malam na koma gida. Washegari ya tambayi liman ko kaffara ta hau kansa. Liman ya ce babu, tunda a kan allura ya rantse kuma allura ba ta wuce ba. Malam ya ce shi ya san abin da ya nufa a ransa lokacin da ya rantse, kada in tsorata ne, kuma na tsorata. Ya yi azuminsa. Ni na dama masa kunun buɗa-baki, da tsamiya yadda yake so, ya sha ya ce ya yi daɗi.

Mahaifiyata ta ƙara damina biyu, ba Juma'ar da na sake rasawa har Allah ya karɓi abarsa. Taubashin ido ya yi masa rauni, ya bar rumfar, yanzu yana zaune ƙofar gida yana tsokanar masu wucewa. 'Yata tana aure a Hamdara, 'ya'yanta sun girma. Moton yana hannun babban ɗanmu, yana ɗaukar buhunan gero da shi. Malam kuwa ya kwanta bayan girbi, jinyar ba ta yi tsawo ba, aka kai shi makwancinsa gabas da gari. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni ga ni nan, gwiwa ta hana ni hawa komai sai tabarma.