Jan da ake gani daga kan tabarma

Alkasum mai yadi maƙwabcina ne a kasuwar Badaguishiri. Rumfarsa na jingine da tawa, shi yana sayar da yadi ni ina ɗinkawa, don haka duk rigimar da aka fara a wurinsa a gaban kekena take ƙarewa. Na san shi tun yana ban ruwan albasa a fadamar mahaifinsu. Daga baya ya tafi cin rani, ya yi dako a Kwatano, ya dawo da ciwon baya da ɗan jari, da wata dabara da ba a taɓa yi a garinmu ba. Maimakon ya cika rumfa da kayan da za su yi kwantai, sai dilolinsa na Kano su turo masa hotunan atamfa da leshi da shadda. Ya buɗe su a kwamfuta, mai saye ya nuna wanda yake so, a sako a mota.

Kwamfutar ta hannu ce, daga wani buro, wato ofis, da aka rufe a Illela. Allonta ya ɗora a kan tebur, ya ƙara masa kwalin sabulu a ƙarƙashi don kada yara su dangwala masa yatsa. Shi yana kan kujerarsa. Maza su tsaya a bayansa, su zaɓa, su tafi. Mata kuwa, kamar yadda aka saba, su tuɓe takalmi su zauna kan tabarma, su ɗaga kai suna kallo.

Namiji bai taɓa dawo masa da kaya ba. Mata ne kullum cikin ƙorafi, wai sun zaɓi launi mai duhu an kawo musu mai haske. Alkasum ya yanke hukuncin cewa mata ba su san abin da suke so ba, su kuma suka laƙaba masa Hawainiya. Mutum ne mai gaskiya, ko zare bai taɓa ci na wani ba, amma akwai kafiya. In ya ce haka abu yake, gara ka je ka yi gardama da turmi.

Abin ya zo kan yayarsa Larai, wadda ta goya shi yana jariri. Za ta aurar da ɗiyarta Sahiya, ta zo da ƙawayenta suka cika tabarma, ta zaɓi anko ja mai duhu, ruwan hanta, irin wanda dattijuwa za ta ɗaura ba kunya. Ana jibi biki kaya suka iso. Da aka kwance ƙulli sai ga ja fayau, saura kaɗan ya zama ruwan hoda.

"Alkasum, mi na na wanga?" in ji ta.

"Abin da kiz zaɓa na, Yaya."

"Ni? Da idona nig ga ruwan hanta."

Ya buɗe hoton, ya duba allo, ya duba yadi, ya rantse da Allah cewa ɗaya ne. Ita ma daga inda take zaune ta duba, ta rantse da Allah cewa ba ɗaya ba ne. Na san su duka, babu mai wasa da rantsuwa a cikinsu. Lokaci ya ƙure, haka na ɗinka. Tsofaffi suka fito ranar biki cikin launin ƴan mata, dangin ango na Tajaye suka samu abin dariya. Tun daga ranar Larai ba ta sake ce masa uffan ba. Ya je gaisuwar Sallah ta shige ɗaki. A kasuwa takan zagaya ta layin masu tattasai don kada ta bi ta gabanmu. Shekara biyu da wani abu ana haka, mutumin nan yana ramewa a gabana, amma bai fasa cewa shi ne da gaskiya ba.

Bana wani baƙin layi ya fito a gefen allon, sai ya ce zai sayi babba, wanda mata goma za su kalla lokaci guda babu mai cewa ba ta gani ba. Ya naɗe tsohon a bargo don a yi masa musaya, ya ja ni rakiya Birnin Konni.

A shagon wani Abdulrazak muka tarar da manyan alluna uku jere a kan kanta, duk suna nuna hoto ɗaya, kwandon tumatir. Muna tsaye, ban ga bambancinsu ba. Mahaifin mai shagon na zaune a kujera daga ciki, sai muka durƙusa mu gaishe shi. Ana cikin ina gajiya ina iyali, na ji Alkasum ya yi shiru. Na juya. Ya ɗaga kai, bakinsa buɗe, yana kallon allon farko. Tumatir ɗin da muka gani ja yanzun nan ya koma baƙi-baƙi kamar ya kwana a wuta, na sauran biyun kuwa suna nan yadda suke.

Ya miƙe, tumatir ya dawo ja. Ya durƙusa, ya yi duhu. Ya yi ta tashi yana durƙusawa har tsohon ya tambaye ni ko abokina lafiya yake.

Abdulrazak ya yi dariya ya ce, "Halinai na, Malam. Wanga TN aka ce mishi. Shi ya hi araha, kuma masu wasan gem na son shi don sauri. Amma sai ka zamna daidai da shi. In kad dube shi daga ƙasa, duhu shika yi, launi shi juye. Na tsakiya IPS na, ko ta ina kad dube shi ja na nan ja, sai dai in ɗaki da duhu baƙinai bai cika baƙi ba. Wancan VA na, baƙinai ƙirin, amma in ka koma gehe shina ɗan koɗewa."

Alkasum ya kwance bargo. "Wanga nawa hwa?"

Mai shago ya duba bayansa. "TN na. Na buro na da, galibi su na."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ni ma kaina ya ɗaure. Shekaru ina jin gardamar nan daga rumfata, ban taɓa tunanin in je in zauna inda matan ke zama ba, balle shi mai kujera. Ya ɗauki IPS ɗin ba tare da ya yi ciniki ba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ko a kan goro. Tsohon allon kuma ya ce ya fasa musayarsa. A hanyar komawa gida, motocin siminti na ta mana ƙaho, salati kawai yake ta yi.

Washegari bai ko buɗe kwalin sabon ba. Ya kira mai amalanke, aka loda tebur da kujera da kwalin sabulu da tsohon allo, muka nufi gidan Larai. Ta gan mu ta juya za ta shiga ɗaki, mijinta ya ce ta tsaya ta ga abin da ya kawo mu. Aka jona wuta, Alkasum ya jera komai yadda yake a rumfa, ya buɗo hoton ankon, wanda bai taɓa gogewa ba. Larai ta zauna kan tabarmarta ta ɗaga kai.

"Ga shi nan," ta ce. "Ga ruwan hantata." Maganarta ta farko ke nan gare shi.

"Na gani, Yaya. Don Allah taso ki hau kujera."

Ta ƙi, wai ita ba ma'aikaciya ba ce. Da ƙyar ta hau, ta ɗosana a baki-baki. Shi kuma ya sauka ya zauna inda ta tashi. Na ga idonta ya tsaya a kan allon. Ta sunkuya, ta ɗago, ta sake sunkuyawa. Sai ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ashe abin da kaka gani ke nan," ta ce a hankali. "Ashe ba ƙarya kay yi ba."

"Ke ma ba ƙarya kiy yi ba. Ki gahwarce ni."

Na zaci an gama, har na fara neman takalmina. Amma Larai ba ta sauko ba, hawaye kawai ke bin fuskarta.

"Alkasum, da Sahiya tah haihu, mijinta sunanka yas so a sa ma yaron. Har ya hwaɗa ma liman. Ni nih hana. Nic ce ba a sa ma jikana sunan mai rantsuwar ƙarya."

Alkasum ya tambayi sunan da aka sa. Ta ce Tasi'u.

"Allah shi raya Tasi'u," ya ce.