Inuwar Ɗorawar Sarki

A kasuwar Savelugu, gaban rumfar Wumbei maƙeri, wani dattijo yana tsugune. Taguwarsa ta saƙi ta koɗe a kafaɗa, duga-dugansa duk faso. Gatari yake juyawa a hannu, yana shafa kaifin da babban yatsa.

"Baba, duk ranar kasuwa sai ka zo zance wurin gatarin nan," in ji Wumbei. "Yaushe za a ɗaura auren?"

Dattijon ko murmushi babu. "Doo ce ta tsaya mini a tsakiyar gona, ɗana. Masarar da ke ƙarƙashinta ba ta wuce gwiwa."

Doo, ɗorawa ke nan. A nan Dagbon, ko a gonarka ta tsiro ta sarki ce, ba ka sara, ba ka tsinka. Ina jin noman ƙarƙashinta uban dattijon ya yi har ya rasu, kuma shi ma ba shi da wata gonar.

Ga shi yana ajiye gatarin a hankali, yana saɓa kuli, 'yar fartanyar nan tamu.

"'Ya'yan ɗorawar na sarki ne," yake cewa. "Inuwar ce tawa. Bari in je in nome ta."