Ajin Bambo Chipeta

Bambo Chipeta magini ne, kuma shekara goma sha tara yana shugabantar kwamitin iyaye na firamaren ƙauyensu a tsakiyar Malawi. Bai iya karatu ba, amma ya san 'yan siyasa ciki da bai. Damuwarsa ɗaya ce: 'yan aji uku a gindin mangwaro suke karatu, da ruwa ya sauko an tashi.

Duk kakar zaɓe sai ɗan takara ya zo aza harsashin sabon aji, da bulo mota guda da siminti buhu biyar. A yi rawa, a sha kunun thobwa, shi ke nan sai wani zaɓen. Wanda ya biyo baya kuma ba ya taɓa aikin abokin hamayya, nasa zai aza.

Tsohon bai taɓa musu da kowa ba. Zanin kowace jam'iyya matarsa na da shi a akwati. Shi ke nuna wurin haƙa, sai ya ja ɗan takara gefe.

"Ranka ya daɗe, nan za ka aza, dab da na wancan, jama'a su ga bambanci."

Na farko ya ba shi bangon gabas, na biyu na arewa. A zaɓe na huɗu bango huɗu suka haɗu, kowanne da launin bulonsa. Saura rufi.

Sai 'yar majalisa mai ci, Onarabul Nachisale, ta gano wayon. Ta kira shi ofis.

"Baba, ashe duk mu ka mayar leburorinka? To, kwano na nan. Amma kujerar kwamiti ta ɗan jam'iyyata ce."

Abin ya soke shi, don a duniya ba shi da wani muƙami sai wannan. Ya jujjuya hularsa a hannu.

"'Yata, har da ƙusa?"

"Har da ƙusa."

Ya dangwala yatsa a takardar murabus.

Ranar buɗe aji ba a ba shi ko benci ba. Daga bayan taga ya leƙa, ya ga yara zaune a ƙasa, rufi a kansu. Ya share ido, ya hau kekensa, ya nufi gidan ɗan adawa.

"Ranka ya daɗe, ka ji abin kunya? Matar nan ta yi aji, ko tebur ɗaya babu."