Iya Juwairiyya da daron bakin ƙofa

Kullum da sassafe Iya Juwairiyya za ta ɗora tukunyar tuwo a rumfarta, kusa da mayankar Agege, sannan ta ajiye wani tsohon daro a bakin ƙofa. Duk mahaucin da ya zo cin abinci, a nan zai saka wuƙarsa, ya rage murya, kafin ya shiga. Shekara talatin ke nan.

Dalili kuwa, yawancin matan da ke mata aiki daga hannun mazan da ke dukansu suka kuɓuto. Jiki ya warke, zuciya ba ta zauna ba. Murfin tukunya ya faɗi, wata ta kama rawar jiki. Wata kuma magana kaɗan sai kuka ko faɗa, daga baya ta rasa me ya same ta.

Har yau ana tuna ranar Safinatu. Satinta biyu da zuwa, Sabiru mahauci ya ɓullo ta bayanta ya daki benci. "Ke! Ina miyata?" Ta juyo ta watsa masa miyar a riga, ta durƙushe tana kare kanta da hannu.

"Iya, wannan ai mahaukaciya ce!" in ji Sabiru. "Ko ki kore ta, ko mu koma wata rumfa cin amala."

Safinatu kuwa ba ta da wajen zuwa sai gidan da ta gudo.

Iya ta zauna a ƙasa kusa da ita, ba ta taɓa ta ba, ta miƙa mata ruwa. "Sha a hankali, 'yata. Nan rumfata ce, ba gidansa ba." Sai da numfashinta ya daidaita Iya ta dubi Sabiru. "Rigarka ni zan wanke. Amala kuwa, ga hanya nan."

Kwana huɗu Sabiru ya yi bai zo ba, sannan ya dawo da sallama ƙasa-ƙasa.

Iya, ke ce inuwar masu firgita. Wadda abin ya yi wa nauyi, da ƙafarki kike raka ta asibiti. Da ciwon gwiwa ya sa kika ajiye muciya, Safinatu kika miƙa wa.

Jiya wani direban motar haya ta danfo ya shigo yana ihu. Safinatu ta juyo ta dube shi. Ta ja numfashi ta ce, "Oga, nan ba a ihu. Malmala nawa?"

Sabiru ya matsa masa a benci. "Zauna, ɗan'uwa. Ni da miya aka koya mini."

Mun gode, Iya, Allah ya saka miki. Mu kuma maza, ko ba daro a ƙofarmu, mu riƙa ajiye tsawa a waje kafin mu shiga gida.