Ni Aka Fara Kwantarwa, Ita Ta Riga Ni Tashi

Salamu alaikum. Masu cewa Malam Garba na Basirka ya mutu, to ban mutu ba, shiru na yi. 'Yata Rabi ce ke rubutawa, ni ina faɗa.

Bara da kaka ina yankan dawa, lauje ya suɓuce min. Na sunkuya in ɗauka, hannun dama ya ƙi. Na buɗe baki in kira maƙwabcin gona, harshe ya yi nauyi kamar an cusa min tuwo.

Aka ce iska ce. Aka yi ta hayaƙi, sai da ƙafa ma ta tafi aka kai ni asibiti Birnin Kudu. Suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo. Hoton kai sai Kano. San huɗata a nan ya tafi, shi aka sayar aka biya.

Ina kwance, Hansai matata, mai jinyata, ita ma ta faɗi. Nata da shaƙuwa da jiri ya fara. Likita ya ce, "Baba, a dage da addu'a. Mata sun fi shan wuyar ciwon nan kafin su tashi."

Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa.

To wai sun fi shan wuya! Kafin azumi Hansai tana tuƙa tuwo. Ni kuwa da hagu nake ci. Tun muna samari kwano ɗaya muke ci da su Alhaji Sule a ƙofar gida. Wa zai sa hagu a kwanon dattawa? Na daina fita. Daga ɗaki ina jin suna cewa, "Hansai kam ta yi ƙoƙari." Ita! 'Yan dubiya ita suke wa barka, ni a ce "sannu Baba" a wuce.

Mai gashin ƙashi a asibiti aiki ɗaya ta ba mu: tsintar wake da hannun da ya shanye. Na ce mata ni ba mace ba ne. Hansai kuwa kullum tana kan faifai, tana kallona ta wutsiyar ido.

"Malam, ko in rage maka?"

"Rage wa kaji."

Rannan ta hau babur ta tafi suna a Gwaram, ni ko wando sai an ɗaura min. Haushi ya sa na tura ƙofa na jawo faifan. Ƙwayar farko sai da na yi gumi. Daga nan duk sanda ta fita sai in tsinta.

Juma'ar da ta wuce na fita na sa dama a kwano. Loma ta kai baki. Alhaji Sule ya ce, "Ashe kana nan." Na ce a matsa min.

Alhamdulillahi. Masu addu'a na gode, waɗanda ba su leƙo ba ma na san su.

Ku riƙa auna jini, maza da mata. Baki ya karkace ko hannu ya saki, a nufi asibiti nan take. Mace ta kama shaƙuwa da jiri haka kawai, kada a ce gajiya ce. Abin da mai gashi ta ce, a yi.

Rabi ta ce wai uwarta ta sani, wai da gangan take barin faifan a bakin gadona in za ta fita.

Ƙarya ne. Mantuwa take yi.