Neman Cajar da Ba Ta Aruwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Madarumfa a kan moto, wato babur, ni da wani ɗan'uwana, muka nufi Maradi. A aljihun gabana akwai ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Ita na haɗa wa kawuna don ta riƙa kunna famfon lambunsa na bakin tabki. Sau biyu ke nan ana tarar da ita a mace, irin tumatir ya yi laushi. Kawu ya sallami mai ban ruwa saboda ya yarda da karatuna. Idan ta sake mutuwa, ina jin irin bana ya tafi.

Zargina, ko da yake ban tabbatar ba, yana kan cajar waya da na sa mata. Na'urar tana son bolt biyar da amfer uku, tsayayyu. Wuta na yin ƙasa kaɗan sai ta suma.

Hanya ba laifi, sai ramuka da amalanken jakai masu kai karan dawa. Duk ramin da muka faɗa sai na dafa aljihu. Ɗan'uwana ya ce ko mai ɗauke da ƙwai bai kai ni ba. A bakin gari muka sha shayi da burodi, ni dai rabin kofi na iya.

A kasuwa caja ta fi tumatir yawa. Kowace an rubuta mata amfer uku, har wadda nauyinta bai kai na ashana ba. Na fito da abin awon wuta ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Da na jona na'urar sai awo ya faɗi. Wata kuma cajar lafiya lau, igiyarta ce siririya. Wani mai shago ya gaji da ni.

"Malam, caja za ka saya ko aurenta za ka yi?"

Daga ƙarshe na samu mai nauyi, mai gajeriyar igiya kakkaura, wadda ta tsaya daram. Kuɗinta ya ninka na sauran, amma na biya.

Muna cin dambu kusa da tasha, na jona ta a rumfar mai abinci don in ƙara tabbatarwa, sai wani dattijo ya matso da wayarsa.

"Samari, ara mini abin nan kaɗan, tawa ta mutu."

"To, Baba," na ce, na zare na miƙa masa da hannu biyu.

Ina kallon fitilar na'urata ta ɗauke, sai na tuna da lambu. Rumfar lambun kawu, inda nake jona na'urar, nan ne masunta da masu lambu ke hutawa, kuma nan kaɗai ke da wuta mai aiki da hasken rana da batir. A wurinmu caja kamar buta ce, wanda ya gani ya ɗauka. Ni da kaina ban iya hana dattijo ba, balle a rumfar da ba mai tsaro. Wataƙila tsohuwar cajar ba ta da laifin komai, zare ta ake yi a sa wa waya. Wannan sabuwar kuwa, da ta fi saurin cika waya, ai ita za a fi so.

Muka koma kasuwa da rana tsaka, ɗan'uwana yana ta tsaki. Na sayi ɗan akwatin da ke rage wutar batir daga bolt sha biyu zuwa biyar, wanda ake ɗaure wayoyinsa da kusoshi, ba shi da bakin da zai shiga wayar kowa. Shi ma sai da na gwada.

Mun iso gida bayan la'asar, na wuce lambu na haɗa shi. Ba zan ce an gama ba, don har yanzu nakan leƙa kullum. Amma famfo yana tashi a kan lokaci, irin ya miƙe. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, na yi ta auna wuta, ban auna mutanen da za su zauna kusa da ita ba. Cajar mai tsada kuwa na rataye ta a rumfar, kowa ya ara.