Hilu-mur Daga Gangar Inna

Shekara biyu ƙunshin nan ya yi a saman kwabata ban taɓa shi ba. Hilu-mur ne, abin shan da mu mutanen Sudan muke buɗa-baki da shi: tsiron dawa ake niƙawa, a dama da citta, kirfa, hulba da tsamiya, a bar shi ya kwana biyu ya yi tsami, sannan a gasa shi falle-falle a kan faffaɗan ƙarfe. In azumi ya zo sai a jiƙa, a tace, a sa sukari. Wannan shi ne na ƙarshe da Inna ta yi da hannunta, ta ba wani ɗan garinmu da ya zo umra ya kawo mini Jidda.

Na Inna daban yake da na kowa a unguwarmu, kuma kowa ya san dalili. Sauran mata a roba suke tsima nasu, ita kuwa a wata tsohuwar gangar katako da kakanmu ya saya wurin Turawan gonar auduga lokacin da suke tattara komatsansu. An ce wuski ne a cikinta da farko. Maƙwabta kan tsokane ta su ce, "Hajiya, a ɗan sam mana na gangar Nasara." Ita kuma ta ce gangar ta musulunta tun kafin a haifi iyayensu, wankin da ta sha ko gawa ba ta sha shi ba. Duk da tsokanar, kofunansu ne ke fara isowa.

Da faɗa ya iso garinmu, Inna ta fita da kayan jikinta da carbi, ta koma wurin ƙanwata a wani gari. Ganga tana can, in har tana nan. Hannun Inna ma yanzu rawa yake yi, ko ludayi ba ta riƙewa da kyau.

Ni haris ne, wato mai gadi, a wani bene mai hawa biyar a unguwar Safa, nan Jidda. Ina wanke motoci, in hau da tukunyar gas, in sauko da shara. Mutanen gidan ba su da laifi, da azumi har faranti suke aiko mini: sambusa, romon shurba, dabino. Sai dai farantin ne ke saukowa, mai shi yana sama. Azumin shekara biyu na yi ina ci ni kaɗai ina kallon ƙunshin. A wurinmu ba a shan hilu-mur a ɗaka. Maza tabarmi suke shimfiɗawa a bakin titi, kowane gida ya fito da tirensa, in mota ta taho dab da magariba sai dattawa su tsaya tsakiyar hanya, dole direba ya sauko da fasinjojinsa. Kunya nake ji in sha abin Inna a ɓoye kamar ɓarawo.

A azumin shekara ta uku na ga gefen fallayen ya fara marmashewa. Na ce to, kada garin ajiya in yi asara. Ranar wata Juma'a bayan azahar na zuba ƙunshin gaba ɗaya a babban bokiti. Nan na tafka wautar. Falle biyu sun ishe ni, amma hannuna lissafin gida ya yi, inda ake jiƙa wa mutum talatin.

Da la'asar sakaliya na tace, na sa ƙanƙara, na shimfiɗa tabarma a gaban bene, na jera kofuna goma sha biyu da na aro wurin mai baƙala, wato kantin layinmu. Na sa farar jallabiya har da rawani. Motocin da na wanke da safe suna shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Tafaddal, ya ustaz, tafaddal!" nake cewa ina nuna tabarma.

Kowa ya ɗaga hannu ta bayan gilashi. Likitan hawa na uku ne ya sauke nasa ya ce, "Allah yataƙabbal, ya ammi. Iyali suna jira." Ya ƙara da tambayar ko an gyara famfon rufi.

Na tako har tsakiyar layi yadda Baba yake yi. Wata mota ta danna mini ham, ta kauce, ta wuce. A ƙarshe wani mai kai saƙon abinci a babur, dattijo ɗan Bangladesh, ya tsaya ana kiran salla. Bai sauka ba. Ya kurɓa sau ɗaya, ya yamutsa fuska, ya ce ko akwai moya. Na ba shi ruwan, ya yi godiya, ya ja babur.

Na zauna na ɗauki kofi. Baƙi ne wuluk, sai ka ɗaga shi wajen haske kake ganin ja a gefensa. Ajiya ta ƙara masa kauri. Zaƙi ne ya fara zuwa, irin na dabinon da ya daɗe, sai tsamin tsamiya, sai ɗacin ƙanzo ya kama bayan harshe ya ƙi saki. Bayan na haɗiye ne katakon ya taso ta hanci, da hayaƙi, da wani ɗumi da ban san sunansa ba, wanda babu shi a na kowa sai nata. Na kasa kurɓa ta biyu na ɗan lokaci. Kaɗaicin da na ji a kan tabarmar nan ya fi na cikin ɗaki nesa ba kusa ba, don a ɗaki ba na jiran kowa.

Na kira ƙanwata a waya, su can rana ba ta faɗi ba tukuna. Ta miƙa wa Inna.

"Inna, yau na jiƙa hilu-mur ɗinki."

Na zaci za ta tambayi ɗanɗano, har na shirya yabo. Sai ta ce, "Mutum nawa suka zauna?"

Na dubi kofuna goma da ba a taɓa ba, da bokitin da ba zai kai jibi ba zai lalace.

"Da yawa, Inna. Bai ma isa ba."

Ta ce, "Ayya, ɗana. Ka ba su haƙuri. Ka ce musu tsohuwa ce, iya abin da ta iya ke nan."